YARO DA MAI KAWO KYAUTA CIKIN DARE: HAR YAUSHE YAKE YARDA?

 

Ƴan'uwa, a ƙasashen Turai da Amurka akwai wani tsoho mai farin gemu da jar riga, wanda Faransawa ke kira Per Nowel. Ana gaya wa yara cewa a daren Kirsimeti yana sauka ta hanyar hayaƙin ɗaki, ya ajiye wa mai ladabi kyauta, ya tsallake mai ƙiriniya. Asalinsa wani limamin Kirista ne mai suna Nikola, wanda ya rayu a garin Mira, cikin Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, aka san shi da kyauta a ɓoye. Siffar da aka san shi da ita kuwa masu zane suka gina ta: Thomas Nast ya fara zana shi a jarida a 1863, kamfanin Coca-Cola kuma ya yaɗa hotonsa a talla tun daga 1931. Ƴaƴanmu ma suna ganinsa a littattafan Faransanci da talabijin.

To, har yaushe yaro ke yarda da shi? A labaran zane na jaridu, amsar ita ce har abada, domin yaran cikinsu ba sa girma. A labarin Peanuts, wanda Charles Schulz ya zana daga 1950 zuwa 2000, akwai yaro Linus da ya ƙago nasa mai kyautar, wato Babbar Kabewa. Tun 1959, duk ƙarshen watan Oktoba sai ya kwana a gonar kabewa yana jiranta. Ba ta taɓa zuwa ba. Kansa yake zargi da ƙarancin ikhlasi. A Calvin and Hobbes na Bill Watterson kuwa, daga 1985 zuwa 1995, Calvin ɗan shekara 6 yana da shakka, amma sai ya auna ya ga yarda ta fi riba, tunda ita ke kawo kaya.

Yaro na gaske ba haka yake ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1978 ya sami kashi 85 cikin ɗari na ƴan shekara 4 suna yarda, kashi 65 na ƴan shekara 6, kashi 25 kawai na ƴan shekara 8. Wato wajen shekara 7 hankali ke fara rarrabewa, shekarun da aka umarce mu mu fara sa yara salla. Yaro ya fara tambaya: yaya mutum guda zai gama gidajen duniya a dare guda? Daga nan, in yardar ta daɗe, manya ne suka riƙe ta da sabbin dabaru.

Masu kare wannan al'ada suna da hujja, kuma adalci ne mu faɗe ta. Sun ce yaro yana jin daɗi, tunaninsa yana faɗi, iyaye kuma suna bayarwa ba tare da neman godiya ba. Sun ƙara da cewa yawancin yara da kansu suke ganowa, ba tare da wani baƙin ciki mai tsawo ba. Sai dai ko cikin Kiristoci ba a haɗu a kanta ba, domin a Disamba 1951 an ƙona mutum-mutumin Per Nowel a ƙofar babbar majami'ar Dijon a Faransa, don nuna ƙin yi wa yara ƙarya.

Mu dai abin da muke gani, tatsuniya daban, shaida daban. Kaka in ta ce ga ta nan ga ta nanku, yaro ya san an shiga duniyar Gizo da Ƙoƙi. In ta ce ƙurunƙus, ya san an fito. Ba a yaudare shi ba, kuma daɗin bai ragu ba. Amma in yaro ya dubi idon ubansa ya ce, "Baba, da gaske ne?" to amanarsa ya miƙa, kuma amsar da aka ba shi shaida ce. Sa'an nan a dubi ɗan talaka: an ce masa kyauta sakamakon ladabi ce, gari ya waye ya ga ɗan mai kuɗi da keke, shi hannu wofi. Me zai ɗauka game da kansa? Kamar Linus, kansa zai zarga.

Kada kuma mu yi saurin nuna wasu da yatsa, domin laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Sau nawa muke cewa dodo na bakin ƙofa, ko likita zai zo da allura, ko za mu sayo tsaraba alhali ba mu da niyya? Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami da alkawarin ba shi wani abu. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Saboda haka mu bar yara su karanta labaran zane, su yi dariya, mu kuma mu amsa musu gaskiya in sun tambaya. Ranar Salla yaro ya karɓi barka da Salla daga hannun da ya sani, ya yi godiya, ya koyi cewa da gumi aka samo ta. Uban da bai taɓa yi wa ɗansa ƙarya a kan alewa ba, shi za a gaskata ranar da zai yi masa maganar Lahira.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu cikin masu gaskiya.