Kafin Ku Ƙetare Iyaka

'Yan'uwa cikin Kristi, musamman ku da ikkilisiya ta ɗora wa hannu domin ku kai bishara wata ƙasa, ko Nijar ce, ko Chadi, ko Kamaru, ko can inda sai jirgin sama ke kai mutum: Ranar tashi za ku ji ana ta "Allah ya kiyaye hanya", "a sauka lafiya". Za ku ga uwa tana murmushi amma ta ƙi sakin hannun ɗanta. Ina so ku tashi kuna sane da abin da Allah ya yi muku alkawarinsa, don kada iskar farko da ta taso ta girgiza bangaskiyarku.

Ku buɗe Ezra sura 8. Ezra zai kwashi jama'a daga Babila zuwa Urushalima, da mata da yara, ga azurfa da zinariya na Haikali, hanyar kuwa akwai 'yan kwanto. Ya ji kunyar roƙon sarki ya ba shi sojoji, don ya riga ya shaida wa sarki cewa Allah yana tsaron masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi a bakin kogin Ahawa, suka kama hanya, suka isa lafiya. Bayan shekara 13 Nehemiya ya yi irin wannan tafiya, shi kuwa ya nemi wasiƙu daga sarki, ya kuma tafi da rakiyar mayaƙa da mahayan dawakai. Littafi Mai Tsarki bai tsawata wa ko ɗayansu ba. Dukansu biyu da addu'a suka fara, hannun Allah ɗaya ne ya kai su.

Saboda haka kada wani ya ruɗe ku cewa shiri ƙarancin bangaskiya ne. Ku yi allurar rigakafin shawara, katin ya kwana a jaka ɗaya da fasfo. Ku ɗauki gidan sauro da maganin zazzaɓin cizon sauro. In faston da ya karɓe ku ya ce ba a bin hanya kaza bayan magariba, ku ji maganarsa. Shi ya san ƙasarsa, ku baƙi ne. Zabura 91 ta tsaro ce, gaskiya ce kuma daga farko har ƙarshe, amma ku tuna ita Iblis ya ɗauko sa'ad da ya ce wa Yesu ya diro daga ƙwanƙolin Haikali. Ubangijinmu ya ƙi, domin dogara ga Allah dabam, gwada shi dabam.

Bulus ma haka. Mako biyu hadari yana wujijjiga jirgin da zai kai shi Roma, da mutum 276 a ciki. Mala'ika ya tabbatar masa ba ran da zai salwanta, duk da haka da matuƙan suka nemi sulalewa sai ya ce lalle su zauna, ya kuma matsa wa kowa ya ci abinci. Jirgi ya farfashe, kaya sun tafi, suka fita tsibirin Malita a jiƙe, waɗansu a kan katako. Wannan shi ne ceton, ba wani ba. Allah bai hana hadarin tasowa ba, cikinsa ya bi da su.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi, ba zan ɓoye muku ba. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da nufin kawo bishara ƙasashenmu na arewa. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma ya rasu a Bida. Bingham ya koma gida da raunin jiki, bai fid da zuciya ba, sai a 1902 aikin ya samu wurin zama a Patigi. Daga nan ƙungiyar mishan da suka fara, wato SIM, ta yi ƙarfi, daga aikinta ikkilisiyar ECWA ta fito, yau kuma 'ya'yan wannan ikkilisiya ne ƙungiyarta ta masu bishara, wato EMS, ke aikawa ƙasashen waje. Wa zai ce Allah ya yi sakaci da Gowans? Ni ban yarda ba. An binne shi a ƙasarmu, amma bai fita daga hannun Wanda ya aiko shi ba. Alkawarin da Yesu ya bai wa waɗanda ya aika shi ne zai kasance tare da su kullum, kuma ko kabari bai isa ya warware shi ba. Muna roƙon ku dawo mana lafiya, da dukan zuciyarmu muke roƙo, amma begenku ya wuce dawowa.

Ku kuma da za ku zauna gida, ba a sallame ku ba. Ku rubuta sunayen matafiyan nan, ku riƙa ambatonsu ɗaya bayan ɗaya a addu'ar asuba. Zumuntar mata, ku leƙa gidajen da maigida ya tafi, ku ga ko akwai hatsi, ko an biya kuɗin makarantar yara. Dattawa, ku kira su a waya tun ba su kira ku ba. Ku ci gaba da haka har ranar da za mu je tarbarsu a tasha.