Jiƙaƙƙen Hatsi A Ƙarƙashin Busasshe

 

Duk wanda ya taɓa shiga Karar Wudil ran Juma'a ya san yadda ake cinikin sa. Mai saye yakan duba haƙora, ya kewaya dabba, ya sa a kora ta ya ga tafiyarta, kana a sallama. Abin mamaki, mutumin da ba a iya cutarsa a kan sa guda, shi ne zai sayar da garke sukutum ya miƙa kuɗin ga makarantar koyon tuƙin jirgin sama saboda ɗansa, bai san kome ba sai abin da aka buga a takardar talla.

Sha'anin jirgi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano, a 1964 kuma aka kafa kwalejin koyon aikinsa a Zariya. Gwamnatin Jihar Kano ma, a zamanin Rabi'u Musa Kwankwaso, ta tura ɗalibai 100 ƙasar Jodan su koyo tuƙi. Wasu iyaye kuwa daga aljihunsu suke biya, a gida ko a Afirka ta Kudu ko Amurka.

To, ga inda gizo ke saƙa. Sau da yawa kuɗin da ake sanarwa na mafi ƙarancin awoyin da doka ta yarda da su ne, misali awa 40 ga lasin na farko, wanda bai halatta ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Kaɗan ne ke ƙwarewa cikin wannan adadi, kowace awa da ta ƙaru kuwa sai an biya jirgi da mai da malami. Ga kuɗin jarrabawa da na maimaita ta, ga masauki na watannin da hazo ko lalacewar jirgi ya hana tashi. Wanda ya koyo a waje sai ya sāke biya kafin hukumar NCAA ta ba shi lasin na gida. Mafi nauyi shi ne na ƙarshe, watau lasin ɗin sana'a shi kaɗai ba ya zaunar da mutum a kujerar Boeing 737, sai ya yi horo na musamman a kan irin wannan jirgi, mai tsadar gaske. A nan samari da yawa suka tsaya cik, ga takarda a hannu, ga shanu an sayar.

Malaman Malikiyya sun shar'anta cewa ijara ba ta inganta sai an san aikin, an san ladansa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana garari da algus da ɓoye aibi. Muslim kuma ya ruwaito cewa Manzon Allah, mai tsira da aminci, ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci a kasuwa, ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a bisa inda mutane za su gani, ya kuma nisanta mai algus daga kansa.

Mai makaranta zai ce ai bai yi wa kowa ƙarya ba, ba a tambaye shi ba ne. Lalle mai hatsin nan ma bai furta ƙarya da bakinsa ba, jera kayan kawai ya yi. Gaskiya ne ba wanda ya san awa nawa yaro zai buƙata, wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Amma fa ya san kuɗin awa guda, ya san abin da ɗalibansa na baya suka kashe, ya san jiragensa nawa ke tashi da nawa ke kwance. Faɗin wannan wajibi ne a kansa, haka dillalin da ke karɓar la'ada a kan kowane yaro alhali yana nuna shawara yake bayarwa don Allah.

Uba shi ma da nasa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Sai ya nemi a rubuta masa kome, har da abin da za a mayar masa idan yaro ya kāsa. Ya kuma kai shi binciken likitan jirgi tun kafin ya biya ko kwabo, gama ciwon ido ko na zuciya kan rufe wannan ƙofa. Yaron da ya ɓoye wa likita ciwonsa, ko ya ƙara awoyin da bai yi ba a littafin tashinsa, hukuncin mai hatsin nan ya hau kansa, sai dai shi wata rana alhazai ne za su cika jirgi a bayansa.