Shin Amun Shi Ne Zeus?

Herodotus, masanin tarihin nan na Girka, ya je Masar a ƙarni na 5 kafin Miladiyya. Da ya ga abubuwan bautar Misirawa, sai ya raɗa musu sunayen allolin Girka: ya ce Amun shi ne Zeus, Osiris kuma Dionysus. Ni dai wannan bai kwanta mini ba. Osiris alƙalin matattu ne a wajen Misirawa, Dionysus kuwa da giya da shagali aka fi saninsa. Kama da wane ai ba ta wane.

Na fi karkata ga Euhemerus, wanda wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya ya ce allolin nan sarakuna ne da suka shuɗe, girmamawa ta wuce gona da iri har ta zama bauta. Bukhari ya ruwaito makamancin haka daga Ibn Abbas: Wadda da Suwa'a da sauran gumakan mutanen Annabi Nuhu, asalinsu mutanen kirki ne.

Sai dai wannan ma bai game kowa ba. Ra na Misirawa rana ce, ba wani mamaci ba. Saboda haka, mai nazari ya fara gano abin da masu labari suke nufi da labarinsu, kafin ya gwada shi da na wasu.