Kaka ta Yi: Haƙƙin Mahaifi Mai Gigin Tsufa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, ga kaka ta kama. Daga Magarya zuwa Bande da Waca, daga Dungas zuwa Guci da Malawa, ana girbin hatsi, ana ɗaure damma. Amma a gidaje da yawa an kulle tsoho a ɗaki, don gigin tsufa ya kama shi.

Ku sani wannan lalura ba maita ba ce, ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu fama da shi sun kai miliyan 57 a shekarar 2021. Allah Ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli, aya ta 70, inda Ya bayyana cewa akwai wanda ilminsa ke gushewa saboda tsufa. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Ya hana mu nuna wa iyaye ƙosawa ko da da kalma guda. Malamai sun tabbatar cewa wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Shi an sauke masa nauyi, mu kuwa namu ya ƙaru.

Mai wannan ciwo yakan mance abin da ya ci ɗazu, amma ya tuna gonar ƙuruciyarsa. Wani dattijo da ya daina gane 'ya'yansa, da aka kai shi gona ya riƙe zangarniya, sai ya shiga nuna iyakar gonar mahaifinsa yana murmushi.

Don haka ku ɗora su a amalanke da sanyin safiya, da ruwan sha da malafa. Ku zaunar da su a inuwar gawo, ku ba su gujiya su ɓare. Kada a bar su su kaɗai kusa da rijiya ko tafki. Ku dawo da su kafin la'asar, domin ruɗewar takan tsananta da yamma. In sun maimaita tambaya sau goma, ku amsa da tausasawa: "Na'am, Baba." "To, Inna."

Hatsin bana zai shiga rumbu, amma ba mu da tabbacin kakar baɗi za ta same su.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa mu gama da su lafiya. Amin.