Kututturen da Ruwa Ya Rufe

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa shiga kwale-kwale daga Yelwa zuwa Wara ya san akwai wuraren da matuƙi yakan rage gudu, ya zuba wa ruwa ido, ko da yake fasinja ba ya ganin kome. Abin da yake tsoro shi ne kututture. An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968, ruwa kuwa ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130. An tashi mutane wajen 44,000 daga gidajensu, a cikinsu har da Gungawa waɗanda suka bar tsibiransu da gonakinsu na albasa. An share itatuwa a wani sashe na ƙasar da ruwa zai ci, sauran kuwa aka bar su a tsaye. Ruwa ya rufe su, ido ya daina ganinsu, amma suna nan. Sukan yaga tarun masunci, sukan huda cikin jirgi, sa'ad da tafkin ya ja da baya kuma sai kawunansu su fito kamar masu bin bashi.

Tambayar da muke so mu yi wa kanmu ita ce: barin aiki ba a gama ba, laifi ne?

Kada mu yi gaggawar cewa i, gama a wannan madatsar akwai wani aikin da shi ma ba a kammala ba, amma irinsa dabam ne. Masu ginin sun tanadi gurbin injunan wuta 12, aka kafa 8 masu ƙarfin megawat 760, gurbi 4 suka zauna fiye da shekara 40 ba kome a cikinsu. Muna iya yin gunaguni a kan tsawon jiran, muna da gaskiya kuwa, mu da muka san duhu a bakin tafkin da ke ba ƙasa haske. Duk da haka ba a ɓoye guraben nan ba. An auna su, an rubuta su, duk wanda ya zo daga baya ya san inda zai ɗora. Kututture kuwa ba wanda ya rubuta inda yake, sai wanda ya yi karo da shi ne yake sani. Ashe rashin gamawa kaɗai ba ya zama laifi, domin ɗan Adam gajere ne, kwanakinsa kuma ƙididdigaggu. Laifin yana cikin barin ruwa ya rufe abin, mu kuma mu yi kamar babu shi.

To, mu dawo gida. Ga kafinta ya karɓi kafin alƙalami zai sassaƙa jirgi, katako ya yi wata uku a rana yana tsagewa. Ga tela da yadin mutane cike da akwati, kullum amsarsa ita ce jibi. Ga manomi a Shanga da ya ari buhun taki da damina, har an yi girbi an ci, bai taka ƙofar mai shi ba. Mu ma da muke wannan magana muna da namu: rufin ɗakin da aka ce bayan kaka, gaisuwar mutuwar da ba mu je ba har kunya ta hana mu zuwa, saɓani da ɗan'uwa da muka ce za mu zauna a kai wata rana. Mukan fake da cewa gobe ta Allah ce. Hakika tasa ce, amma yau ya riga ya ba mu ita a hannu. Hausawa kuma sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne, mai jinkirin yakan fi mai jiran wahala. Telan nan yakan sake hanya in ya hango mai yadi a kasuwa. Yana ɗinkin yau, rabin hankalinsa na cikin akwati, saboda haka na yau ɗin ma ba ya kyau. Da dare, sa'ad da hayaniya ta janye kamar ruwan tafki, sai kututturen su fito ɗaya ɗaya, barci ya gagara. Masana halin ɗan Adam sun lura da wannan. A 1927, a birnin Berlin na Jamus, Bluma Zeigarnik ta ba mutane ƙananan ayyuka, ta katse su a tsakiyar waɗansu, ta tarar sun fi tuna waɗanda aka katse. A 2011 kuma masana biyu a Amurka, Masicampo da Baumeister, suka nuna cewa idan mutum ya tsara sarai yaushe da kuma yadda zai yi aikin da ya rage masa, tunanin yakan sake shi tun bai kai ga yin aikin ba. Watau zuciya ba ta neman mu gama kome da kome a yini ɗaya. Abin da take nema shi ne mu tsai da magana.

Tsai da maganar ba lalle ya zama gamawa ba. Wani aikin na minti 10 ne, mun ɗauke shi a ka shekara guda. Wannan a yi shi kafin rana ta faɗi. Wani ya fi ƙarfinmu, sai a sa masa rana, a gaya wa mai shi ranar, ko a miƙa wa wanda zai iya. Akwai kuma wanda ya kamata a ajiye gaba ɗaya, nan ne girman kai yakan tare mana hanya. Kafinta ya je da kansa ya ce, "Malam, na kāsa, ga kuɗinka, ga katakonka," ya fi masa zafi a kan ƙara wata uku yana ɓuya. Amma zafin na sa'a ɗaya ne. Mai jirgin zai yi fushi, wataƙila ya faɗi magana mai ɗaci, daga nan ya kwashi katakonsa ya kai wa wani kafinta a Yelwa, ya sami jirginsa kafin ruwa ya sāke cika.