Idon Roba da Tausayin Mutum

Kalmar mutum-mutumi daga gona muka ɗauko ta. A can aikinsa yaudarar tsuntsaye ne: a kafa kara, a rataya masa tsohuwar riga, su ɗauka mai gona ne a tsaye. Yanzu da masu sha'awa ke haɗa irinsa mai motsi a kan teburin ɗaki, mu ne muka koma tsuntsayen.

Haɗa shi ba wuya. Allon Arduino, wanda aka fara ƙerawa a garin Ivrea na Italiya a 2005 domin ɗalibai, bai kai faɗin tafin hannu ba. Ƙaramin injin juyi irin SG90 nauyinsa giram 9 ne, kuma yana juyawa wajen digiri 180. A sa biyu a bayan ƙwayar ido, ɗaya a fatar ido, a rubuta umarni 'yan layuka: kalli dama, dakata, ƙifta. Da an jona batir, kan roba ya ɗago ya dube mu, sai mu ji wani iri. Mu muka ɗaura kowace waya, amma hannu kan yi nauyi idan za a cire batirin.

Wannan ba wauta ba ce, haka zuciya take: duk abin da ya dube ta, sai ta zaci mai rai ne. Kamfanin Sony ya fitar da karen na'ura mai suna Aibo a 1999. Bayan ya daina gyara su a 2014, an riƙa yi wa waɗanda suka lalace jana'iza a wani wurin bautar Buddha a lardin Chiba na Japan. Masu karnukan sun san ƙarfe da roba ne, duk da haka sun yi juyayi.

To, wanda ya ƙera abin da ke jawo tausayi alhali ba ya jin komai, ya yi yaudara?

Mai wasan 'yar tsana ba maƙaryaci ba ne, domin 'yan kallo sun san akwai hannu a baya, da yardarsu suka shiga wasan. Yaudara na farawa ne inda mai kallo ba zai iya ganewa ba: yaro ɗan shekara uku, ko tsohuwar da mantuwa ta kama. Idan muka sa na'ura ta yi kuka duk lokacin da yaro ya ajiye ta, don kada ya rabu da ita, mun ɗauki tausayinsa mun mayar da shi igiyar ɗaure shi. Na'urar ba ta da laifi, tunda ba ta da niyya. Niyyar tana wurin wanda ya rubuta umarnin.

Saboda haka akwai amana a wuyan maƙeri, ko da don nishaɗi yake yi. Ya sa abinsa ya ƙifta ido, ya yi rawa, ya ba mutane dariya, amma kada ya koya masa roƙo. Bayan yara sun gama mamaki, ya buɗe bayan kan ya nuna musu wayoyi da injin, ya ba su dama su canza umarnin da hannunsu. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. Yaron da ya ga ciki zai tashi da sha'awar ƙira, tausayinsa kuma ya adana shi domin kyanwar gida da ƙaninsa, waɗanda ke jin zafi da gaske.