Ɗalibai Mata Da Wasannin Motsa Jiki: Abin Da Ya Hau Kanmu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam jiki da hankali amana, kuma zai tambaye shi yadda ya riƙe su. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa Musulmi, akwai tambayar da ta yawaita a bakin iyaye, ana tare malamai da ita a ƙofar masallaci. Mutum zai ce ɗiyarsa tana karatu a jami'a ko a lise, ta shiga ƙungiyar ƙwallon hannu ko ta ƙwallon kwando, shin ya bar ta ko ya hana ta? Wani ma bai tsaya tambaya ba, ya fitar da ɗiyar daga makaranta ɗungurungum. Don haka muka ga ya wajaba mu yi bayani gwargwadon abin da Allah Ya sawwaƙe.

A da, duk mai neman karatun jami'a a ƙasar nan sai ya nufi Yamai, ko kuwa Jami'ar Musulunci ta Sayi. A shekarar 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Tun daga nan garuruwanmu suka zama masaukin ɗalibai, maza da mata, daga kowace kusurwa. Duk inda matasa suka taru kuwa sai an yi wasa, kuma abin da aka fara a harabar makaranta ba ya jimawa sai ya fito cikin unguwa.

Wanda ke shakkar haka ya dubi abin da ya faru a Amurka. A shekarar 1972 aka yi doka a can wadda ta hana makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya bambanta maza da mata, har a fannin wasanni. Sai jami'o'i suka shiga ware wa ƙungiyoyin mata fili da kuɗi da masu horarwa. Akwai wani garin jami'a a jihar Ayowa, sunansa Birnin Ayowa, wanda mazaunansa ba su kai 80,000 ba. A watan Oktoba na 2023, mutum 55,646 suka taru a can don kallon wasan ƙwallon kwando na ɗalibai mata. Al'adarsu daban, addininmu daban, kuma ba duk abin da suke yi ne za mu ɗauka ba. Darasin shi ne, abu ya kan soma ƙarami a makaranta, bayan shekaru ya mamaye gari. Idan Musulmi ba su sa baki ba tun ice yana ɗanye, wasu ne za su tanƙwara shi yadda suka ga dama.

To, mene ne hukuncin? Mu sani cewa motsa jiki a asalinsa halal ne ga namiji da mace. Imamu Ahmad da Abu Dawuda sun ruwaito daga Nana A'isha (R.A.) cewa a wata tafiya Manzon Allah (S.A.W.) ya umurci sahabbai su yi gaba, sannan ya yi tseren gudu da ita, ta tsere masa. Bayan wani zamani, da jikinta ya yi nauyi, suka sake, ya tsere mata, ya yi dariya yana nuna mata cewa ya rama. A cikin Sahihul Buhari, Anas (R.A.) ya ba da labarin yadda ya ga Nana A'isha da Ummu Sulaim ranar Uhudu, a shekara ta 3 bayan Hijira, suna ɗauko salkunan ruwa a bayansu da sauri, suna shayar da mayaƙa, su koma su sake cikowa. Raggon jiki ba ya wannan aiki. Imamu Muslim kuma ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa mumini mai ƙarfi ya fi mumini mai rauni alheri da soyuwa a wurin Allah, ko da yake kowannensu yana da alheri.

Iyayenmu mata a ƙauye ba su buƙaci filin wasa ba, domin daka da jan ruwa a rijiya da tafiya gona sun ishe su. Amma ɗaliba tana zaune bisa kujera tun safe har yamma, shekara da shekaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a kowane mako, kuma likitoci sun tabbatar cewa rashin motsi yana taimaka wa hawan jini da ciwon suga. Wannan ɗalibar ita ce gobe uwa, ita ce ungozoma ko likitar da muke fatan ta duba matanmu.

Sai dai halaccin yana da sharuɗɗa, kuma hadisin tseren da kansa ya nuna su, tun da sai da maza suka yi nisa aka yi shi. Na farko, sutura mai rufe al'aura, wadda ba ta matse jiki ba. Na biyu, nisantar cuɗanya da maza da keɓewa da mai horarwa. Na uku, kada wasa ya cinye lokacin salla ko na karatu. Na huɗu, sanin iyaye ko miji da yardarsu, musamman idan akwai tafiya wani gari. Na biyar, babu caca a kan sakamako. Kada kuma a ce dokar wasa ce ta hana sutura, wannan uzuri ya faɗi. A shekarar 2014 hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai, ta ƙwallon kwando ta bi sahu a 2017. A 2023 wata ƴar wasan Maroko, Nuhaila Benzina, ta buga gasar cin kofin duniya ta mata da hijabinta. Ashe ɗiyarmu tana da hujjar da za ta tsaya a kai idan aka ce ta tuɓe kallabi.

Yanzu mu juyo kanmu, mu maza. A cikin Suratun Nur, Allah (S.W.T.) Ya fara umurtar muminai maza da runtse ido a aya ta 30, kafin Ya umurci mata a aya ta 31. Wa ke zagaye fili ya zura ido idan ƴan mata na wasa? Wa ke ɗaukar hotonsu da salula yana yaɗawa? Ƴaƴanmu maza ne da ƙannenmu. Su kuma idan suna tasu ƙwallon da gajeren wando, cinya a waje, ba mu cika cewa uffan ba, alhali namiji ma yana da al'aura.

Mafi muni shi ne harshe. Da an ga yarinya da takalmin wasa sai a ce ta lalace. Mu ji tsoron Allah. A aya ta 4 ta wannan sura, hukuncin wanda ya jefi mace kamila da alfasha bai kawo shaidu 4 ba shi ne bulala 80, kuma a daina karɓar shaidarsa. Kalma guda a majalisar shayi tana iya hana yarinya aure, ta raba ta da karatu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, ya yi kakkausan suka ga mazan da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u ta ƙare rayuwarta tana karantar da mata. Yaya mu da muke alfahari da su za mu rufe wa ɗiya ƙofar ilimi saboda ƙwallo?

Mafita tana cikin Sunna. Buhari ya ruwaito daga Abu Sa'idil Hudri (R.A.) cewa mata sun koka wa Manzon Allah (S.A.W.) cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, suka roƙi ya ware musu rana, kuma ya ware musu. Mu ma mu bi wannan hanya. Kwamitocin iyaye da na masallatai su je su zauna da shugabannin makarantu cikin ladabi, su nemi a ware wa ɗalibai mata ranaku ko sa'o'i a fili, ba tare da ƴan kallo maza ba. Attajiran da Allah Ya hore wa su taimaka da katanga da wurin alwala da salla. Teloli su ɗinka kayan wasa masu yalwa da sauƙin kuɗi. A ƙarfafa wa wasu daga cikin ɗiyanmu su karanci wannan fanni, domin mata su horar da mata. Kai kuma uba, ka kira ɗiyarka ka tambaye ta inda ake wasan, da wanda ke koyarwa, da lokacin tashi. Idan sharuɗɗa sun cika, ka sa mata albarka. Idan ba su cika ba, ka nemi gyara, ko ka dakatar da ita daga wasan, amma ka bar ta da karatunta.

Ku kuma ɗiyanmu, ku sani kofi da tafi masu wucewa ne, kunya kuwa yanki ce ta imani. Ku riƙe sallarku da suturarku, ku yi niyyar ƙarfafa jiki don bautar Allah, sai wasanku ya zama lada.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya shirya mana zuriyarmu, Ya tsare harsunanmu daga mutuncin bayinsa, Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu ne, muna neman gafararsa. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.